Yadda zaka mayar da sikirif ɗinka fakitin .deb da apt zai girka

Yaran mu da yawa a Garwa da Marwa da Ngaundere yanzu suna rubuta ƙananan shirye-shirye da Python ko bash, wani na lissafin kayan butik, wani na fitar da sakamakon ɗalibai a lekol, wani na jera hotunan fasfo a sibar. Rubutun ba shine matsala ba, matsalar tana wajen rabawa. Sai kaga mutum ya turo maka fayil ta WhatsApp yace ka ajiye a Desktop, ka buɗe taminal, ka shiga folda kaza, ka rubuta python3 kaza.py, in ya ƙi ka kira ni. Bayan wata biyu ya gyara wani abu ya sake turowa, yanzu kwamfuta ɗaya tana da kwafi uku babu wanda ya san wanne ne sabo. Toh abinda nake so mu koya anan shine yadda zaka naɗe wannan sikirif ɗin ya zama fakiti irin na Debian da Ubuntu da Linux Mint, wanda apt zai girka, ya sabunta, ya cire, kamar duk sauran shirye-shiryen da suke cikin kwamfutar.

Dalilin da yasa wannan ya fi, dpkg, wato shirin da apt yake amfani dashi wajen girka fakiti da cirewa, yana da littafi kamar na mai butik mai rubuta duk abinda ya shiga da wanda ya fita. Duk fayil ɗin da fakitinka ya ajiye yana rubuce a /var/lib/dpkg/info, saboda haka ranar cirewa babu abinda zai rage a ɓoye, ranar sabuntawa kuma tsohon zai tafi sabon ya zauna a wurinsa. Ga kuma wani dalili da ya ƙara ƙarfi tun 2023, daga Debian 12 da Ubuntu 23.04 zuwa gaba in kayi pip install kai tsaye, wato umarnin girka kayan Python, zai ƙi, ya rubuto maka externally-managed-environment, wato Python ɗin na tsarin ne, apt ne mai kula dashi, kar ka taɓa. Masu cewa kawai ka tura mutane suyi pip, wannan hanyar ta riga ta ƙuntata.

Misalin da zamu yi aiki dashi ɗan shiri ne mai suna canji, kana bashi kuɗi a naira ko euro ya gaya maka nawa ne a sefa, abinda duk mai ɗauko kaya daga Mubi ko Yola yake buƙata kullum. Ga shi gaba ɗayansa:

```
#!/usr/bin/python3
import sys, configparser
c = configparser.ConfigParser()
c.read("/etc/canji.conf")
kudi, iri = float(sys.argv[1]), sys.argv[2]
farashi = 655.957 if iri == "euro" else float(c["farashi"][iri])
print(round(kudi * farashi), "sefa")
```

Euro na saka shi a cikin shirin ne saboda sefa a ɗaure take da euro, euro ɗaya 655.957, baya motsi. Naira kuwa yau daban gobe daban, shi yasa farashinta zai zauna a wani fayil na daban mai suna canji.conf wanda mai butik zai iya gyarawa da kansa:

```
[farashi]
naira = 0.40
```

Wannan 0.40 ɗin don misali ne kawai, kai dai ka tambayi ƴan canji a kasuwa ka saka na ranar.

Mataki na farko, gyara sikirif ɗin kansa

Layin farko ya zama #!/usr/bin/python3 kamar yadda ka gani, ba #!/usr/bin/env python3 ba. Na env ɗin yana da kyau lokacin da kake gwaji a kwamfutarka, amma a fakiti kana so ya kama Python ɗin da apt ya girka ne, ba wani da mutum ya ɗora a gefe ba. Sunan fayil ɗin kuma ka cire masa .py, ya zama canji kawai, haka ƙa'idar Debian take ga duk abinda zai zauna a /usr/bin, kuma ma ya fi daɗin bugawa.

In a Windows ka rubuta sikirif ɗin sannan ka kawo Linux, dan Allah ka duba ƙarshen layuka. Windows yana ƙara wata alama a ƙarshen kowane layi wadda ido baya gani, sai shirin ya ƙi tashi yana cewa bad interpreter, a wajen sunan python3 kuma kaga ^M a liƙe. Ka girka dos2unix ka buga dos2unix canji, shikenan ya warke.

Mataki na biyu, gina foldodin

Sirrin abin duka shine zaka gina ƙaramin kwafin tsarin kwamfutar a cikin folda ɗaya. Duk inda ka ajiye fayil a cikinta, nan zai sauka a kwamfutar wanda ya girka.

```
mkdir -p canji_1.0_all/DEBIAN
mkdir -p canji_1.0_all/usr/bin
mkdir -p canji_1.0_all/etc
mkdir -p canji_1.0_all/usr/share/doc/canji
mkdir -p canji_1.0_all/usr/share/man/man1
cp canji canji_1.0_all/usr/bin/
cp canji.conf canji_1.0_all/etc/
```

DEBIAN da manyan baƙaƙe ne, duka, ita kaɗai ce bata sauka a kwamfutar mutum, bayanan fakitin ne a ciki. Kar ka saka komai a /usr/local, wannan wurin na mai kwamfuta ne da abinda ya ɗora da hannunsa, fakiti baya shiga can. Kar kuma ka saka komai a /home tunda baka san sunan mai amfani ba. In shirinka ba fayil ɗaya bane, yana da wasu fayilolin Python da yake kira, ka zuba su a usr/share/canji, sai na /usr/bin ya ƙara wannan hanyar a sys.path kafin ya kira su.

Wani abu kuma, kayi wannan aikin a cikin foldar gidanka ta Linux, ba a kan kile USB ba. Yawancin kile FAT32 ne ko exFAT, basa riƙe izinin fayil irin na Linux, zaka yi ta buga chmod babu abinda zai canza, dpkg-deb kuma yayi ta ƙorafin izini ka rasa dalili.

Mataki na uku, fayil ɗin control

Anan ne zamu ɗan jima saboda anan mutane suka fi tuntuɓe. Ka buɗe canji_1.0_all/DEBIAN/control da nano ka rubuta:

```
Package: canji
Version: 1.0
Architecture: all
Maintainer: Sunanka <kai@example.com>
Depends: python3 (>= 3.9)
Section: utils
Priority: optional
Description: lissafin canjin naira da euro zuwa sefa
 Karamin shiri na taminal mai juya kudi zuwa sefa.
 .
 Farashin naira yana cikin /etc/canji.conf.
```

Package, ƙananan baƙaƙe kawai da lambobi da alamar + ko - ko ɗigo, aƙalla haruffa biyu, babu fili, kuma babu ɗ ko ƙ ko ɓ ɗinmu, in sunan shirinka ƙidaya ne sai ka haƙura ka rubuta kidaya. Kafin ka zaɓi suna ka buga apt show da sunan ka gani ko wani ya riga ka, don kar naka ya yi karo da na Debian.

Version dole ta fara da lamba. Kuma dpkg yana gwada sigogi da hankali ba kamar jerin haruffa ba, 1.10 ta fi 1.9 a wurinsa, daidai yadda ya kamata. Alamar ~ kuwa tana mayar da siga baya, 1.0~gwaji1 tana ƙasa da 1.0, toh in zaka ba abokai su gwada kafin fitowar gaske ka yi amfani da ita, ranar da 1.0 ta fito apt zai gane ita ce sabuwa. In kana shakka ka tambayi dpkg da kansa:

```
dpkg --compare-versions 1.0~gwaji1 lt 1.0 && echo haka ne
```

Architecture: all shine babban amfanin sikirif. Tunda ba'a tattara shi don wani injin na musamman ba, fakiti ɗaya zai yi aiki a tsohuwar kwamfutar ofis da sabuwar laptop da Raspberry Pi duka. Kar ka rubuta amd64 don kawai kaga haka a wani fakitin.

Depends, nan zaka jera duk abinda shirinka ba zai tashi ba sai dashi, amma da sunan da Debian take kiransu, ba sunan pip ba. In ka rubuta import requests a cikin shirin, fakitin sunansa python3-requests, in yaml ne python3-yaml. Ka raba su da waƙafi. In sikirif ɗin bash ne kuma yana kiran curl ko jq ka rubuta su, kar kace ai kowa yana dasu, sabuwar kwamfuta da aka girka jiya ba lallai tana dasu ba. In baka san fakitin da wani umarni ya fito daga ciki ba, dpkg -S /usr/bin/curl zai gaya maka. To in library ɗin Python da kake buƙata, wato irin su requests da yaml, babu shi a Debian kwata-kwata fa? In ƙarami ne kuma Python zalla ne kuma lasisinsa ya yarda, ka kwafe shi cikin usr/share/canji tare da naka. Abinda bana so ko kaɗan shine mutum ya saka pip install a cikin sikirif ɗin girkawa, reso ya yanke a tsakiya fakiti ya maƙale rabi a ciki rabi a waje.

Description, layin farko gajere, kar ya kai haruffa 80. Sauran layukan kowanne ya fara da fili ɗaya, in kana son layi mara komai ka saka fili da ɗigo kamar yadda nayi a sama. Kuma bayan layin ƙarshe ka danna Enter sau ɗaya kafin ka adana, in babu wannan sabon layin dpkg-deb zai ƙi ginawa, abu ƙarami amma yana cinye wa mutum yamma guda.

Mataki na huɗu, conffiles

Wannan shine abinda ya fi burge ni a tsarin Debian kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Ka ƙirƙiri canji_1.0_all/DEBIAN/conffiles, layi ɗaya ne a ciki:

```
/etc/canji.conf
```

Ga abinda zai faru. Alhaji ya girka canji a butik ɗinsa, yaronsa yana gyara farashin naira duk safiya. Bayan wata uku ka kawo siga 1.1. In baka rubuta conffiles ba, dpkg zai ɗauki fayil ɗin kamar kowane fayil, ya danne na Alhaji da naka mai tsohon farashi ba tare da ya ce uffan ba, yaro ya buga lissafi ya ba abokin ciniki kuɗin da ba daidai ba, kai za'a nema. In ka rubuta kuwa, dpkg zai duba, in kai baka canza komai a fayil ɗin ba a sabuwar sigar zai bar na Alhaji yadda yake shiru, in ku duka kun canza zai tsaya ya tambaya wanne za'a riƙe, in an zaɓi na Alhaji sai ya ajiye naka a gefe da suna canji.conf.dpkg-dist don a duba daga baya. Haka kuma apt remove zai cire shirin ya bar wannan fayil ɗin, sai an buga apt purge zai share shi.

Mataki na biyar, takardun da suke tafiya da fakiti

Ba dole bane don ya girku, amma fakiti mai mutunci yana dasu. A usr/share/doc/canji ka saka fayil mai suna copyright, ka rubuta sunanka da shekara da lasisin da ka zaɓa, MIT ko GPL ko wanda kake so. Sai changelog, tsarinsa yana da tsauri:

```
canji (1.0) stable; urgency=medium

  * Fitowar farko.

 -- Sunanka <kai@example.com>  Mon, 06 Jan 2025 10:00:00 +0100
```

Fili biyu ne tsakanin adireshin da kwanan watan, kwanan watan kuma kar ka wahalar da kanka, date -R zai baka shi a shirye har da +0100 ɗinmu na Kamaru da Cadi. Sai ka matse shi da gzip -9n changelog. Shafin man ma haka, fayil mai suna canji.1 a usr/share/man/man1:

```
.TH CANJI 1
.SH NAME
canji \- lissafin canjin kudi zuwa sefa
.SH SYNOPSIS
canji 50000 naira
```

Shima gzip -9n canji.1. Yanzu duk wanda ya buga man canji zai ga yadda ake amfani dashi ba sai ya kira ka da tsakar dare ba.

Akwai postinst da prerm da ƴan uwansu, sikirif ne da dpkg yake gudanarwa lokacin girkawa ko cirewa. Canji baya buƙatarsu, shirye-shirye da yawa ma basa buƙata. Shawarata ka guje su sai in ya zama dole, domin da ikon root, wato mai cikakken iko a kan tsarin, suke gudana a kwamfutar wani, kuma in ɗaya ya faɗi apt gaba ɗaya sai ya tsaya har sai an warware. In dole ne, ka fara da #!/bin/sh da set -e, ka bashi izini 755, kuma ka rubuta shi yadda ko an gudanar dashi sau biyu ba zai ɓata komai ba.

Mataki na shida, izini da ginawa

```
find canji_1.0_all -type d -exec chmod 755 {} +
find canji_1.0_all -type f -exec chmod 644 {} +
chmod 755 canji_1.0_all/usr/bin/canji
dpkg-deb -Zxz --root-owner-group --build canji_1.0_all
```

In kana da postinst ka tuna ka mayar masa da 755 ɗinsa bayan layi na biyun nan. Shi --root-owner-group yana sa duk fayilolin su zama na root a cikin fakitin ba tare da ka shiga sudo ba, in ka manta dashi fayilolin zasu sauka a kwamfutar wani da lambar mai amfani taka, wanda kuma ya dace da wannan lambar a can zai iya gyara shirin da yake /usr/bin, ba kyau.

Shi kuma -Zxz da dalili na saka shi. Ubuntu daga 21.10 ta koma matse fakiti da zstd, dpkg na Debian 11 kuma bai san wannan ba, sai ka gina a Ubuntu 22.04 ka kai wa mai tsohuwar Debian ya ce unknown compression for member control.tar.zst. A yankinmu da kwamfutoci suke daɗewa ba'a sabunta su ba saboda tsadar mega, xz ya fi aminci, kowa yana karanta shi.

Zaka ga canji_1.0_all.deb ya fito. In kana son ganin cikinsa ka buga ar t canji_1.0_all.deb, abu uku ne kawai, debian-binary da control.tar.xz da data.tar.xz, babu wani tsafi.

Mataki na bakwai, gwaji

dpkg -I canji_1.0_all.deb zai nuna maka bayanan, dpkg -c kuma jerin fayiloli da izininsu, ka duba kaga root/root a kowane layi. Sai ka girka lintian, shirin da yake duba kurakuran fakiti, ka buga lintian canji_1.0_all.deb. Lintian mai yawan magana ne, layukan da suka fara da E ka gyara su, masu W ka karanta ka yanke hukunci, ba kowanne ne ya shafi fakitin da ba Debian zaka aika wa ba.

```
sudo apt install ./canji_1.0_all.deb
canji 50000 naira
```

Wannan ./ ɗin dole ne, in babu shi apt zai je neman sunan a ma'ajiyarsa ya ce bai samu ba. Kuma apt nake so ka koya wa mutane ba dpkg -i ba, domin dpkg baya ɗauko abubuwan da suke Depends, zai dai gaya maka babu su ya tsaya, sai ka bi da sudo apt -f install. In kaga wani dogon saƙo yana maganar unsandboxed da _apt kar hankalinka ya tashi, sanarwa ce kawai cewa fayil ɗin yana foldar da apt baya iya karantawa da ƙaramin izininsa, girkawar ta yi.

Gwajin gaske kuwa ba a kwamfutarka bane, tunda taka tana da komai tuntuni. Ka samu wata sabuwa ko ka tayar da ɗaya a VirtualBox, ka girka, ka gyara farashi, ka ɗaga Version zuwa 1.1 ka sake ginawa ka ɗora a kai kaga ko farashinka ya tsira, sannan remove, sannan purge, ka duba babu abinda ya rage.

Mataki na takwas, ma'ajiyarka ta kanka

In kwamfuta ɗaya ce ko biyu, fayil ɗin .deb a kile ya wadatar. Amma ɗakin kwamfuta na lekol mai inji ashirin, zagayawa da kile duk sabuntawa wahala ce. Ka zaɓi inji ɗaya, ka girka dpkg-dev a kai:

```
sudo mkdir -p /srv/fakiti
sudo cp canji_1.0_all.deb /srv/fakiti/
cd /srv/fakiti
sudo sh -c "dpkg-scanpackages -m . > Packages"
python3 -m http.server 8000
```

A sauran injinan kuma ka ƙirƙiri /etc/apt/sources.list.d/canji.list, ka saka adireshin wancan injin a maimakon nawa:

```
deb [trusted=yes] http://192.168.1.10:8000 ./
```

Daga nan sudo apt update sai sudo apt install canji, babu ./ babu kile, ko intanet ba'a buƙata tunda duk a cikin gida ake yi. In ka fito da 1.1 ka jefa shi a /srv/fakiti ka sake dpkg-scanpackages, apt upgrade zai ɗauka a ko'ina. Kana iya zuba su python3-requests a wannan foldar ma ta hanyar apt download, sai dai shi fakitin da ka ambata kaɗai yake saukewa banda waɗanda shima ya dogara dasu, kuma dole ka sauke daga inji mai siga ɗaya da nasu, na Ubuntu 24.04 kar ka kai wa Debian 12.

Wannan trusted=yes ɗin yana nufin apt kar ya tambayi sa hannu, ya yarda da duk abinda ya samu. A ɗaki ɗaya da ka san kowa babu laifi. In zaka ɗora ma'ajiyar a intanet don ƴan uwa na Kusiri da Njamena su ɗauka, cire shi, ka fitar da fayil ɗin Release da apt-ftparchive release, ka sa masa hannu da gpg --clearsign ya zama InRelease, ka ba mutane makullinka na fili su ajiye a /etc/apt/keyrings, a layin nasu kuma su rubuta signed-by da hanyar makullin. Tsofaffin darussa masu cewa apt-key add ka bar su, an daina wannan.

Wanda yake son fakitinsa ya shiga Debian ɗin kanta ko PPA na Ubuntu, wato ma'ajiyar mutum ta kansa da Ubuntu take ɗaukar nauyi, can ba'a karɓar .deb da aka gina da hannu, sai fakitin tushe mai folda debian da ƙananan baƙaƙe, da control da rules da changelog a ciki, debhelper da dh-python su yi aikin izini da matsewa da conffiles, kai ka buga dpkg-buildpackage -us -uc. Duk abinda suke yi a ɓoye shine wanda muka yi yanzu da hannu, shi yasa nake cewa a fara ta nan. Masu Fedora kuwa nasu rpm ne da dnf da fayil ɗin spec, tsarin foldodin /usr/bin da /etc ɗaya ne amma control ɗinmu baya musu aiki, sai an rubuta nasu daban.